Na Tara Wa Ɗaliban Maroko Kuɗi, Baffana Ya Ce A Gyara Makarantar Garinmu

Assalamu alaikum Baba. Ni malamin Islamiyya ne a wani ƙauye da ke yankin Haɗeja. Na yi shekara biyu ina karatu a Maroko, a can na yi aboki ɗan wani ƙauye da ke cikin duwatsun Atlas. Sau biyu ina yin hutu a gidansu, kuma da zazzaɓi ya kwantar da ni mahaifiyarsa ce ta yi jinyata kamar ɗan cikinta. Da aka yi girgizar ƙasa a watan Satumban 2023 ƙauyen nasu ya rushe, makarantar firamarensu ta zube, abokina ya rasa ƙanwarsa da ƴaƴan yayansa biyu. Yanzu a cikin tanti yaran ke karatu, ga sanyi ya shigo.

Na nuna wa limaminmu hotunan, ya ba ni dama na yi bayani bayan sallar Juma'a, aka zagaya da tire. Na kuma sa lambar asusuna a zauren WhatsApp na ƴan garinmu mazauna Kano da Abuja da Legas. Mata ma ba a bar su a baya ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kazarta ta sayar, ta aiko jikarta da kuɗin a ƙulle cikin leda. Gaba ɗaya an samu naira 410,000.

Yau wata huɗu ke nan kuɗin na asusuna, na rasa hanyar da zan aika. Baffana, wanda shi ne shugaban kwamitin makarantar firamaren garinmu, ya ce ajujuwa biyu da ambaliyar 2022 ta kayar har yanzu suna kwance, yaranmu a gindin darbejiya suke ɗaukar darasi, gida bai ƙoshi ba ni zan kai wa dawa. Yana so in miƙa wa kwamitinsu kuɗin. Da na ƙi, gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa. Magana ta fara yawo wai na cinye kuɗin, har matata ta jiyo a gidan biki ta dawo tana kuka. Abin da ba wanda ya sani shi ne ƙanena ya matsa mini na ara masa 70,000 a ciki, ya sayi man injin ban ruwa, zai biya in an yanke alkama. Abokina kuwa tuni na faɗa masa taimako na tafe, yanzu kunyar ɗaukar wayarsa nake ji. Baba, ina mafita?

Wani malami daga yankin Haɗeja, Jihar Jigawa

Wa alaikumus salam, ɗana Malam. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba abokinka da mahaifiyarsa haƙuri. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma kafin komai ina so ka sani cewa tashin da ka yi a masallaci ba kuskure ba ne. Matar da ta zauna a kanka kana kwance a ƙasar da ba ka da kowa, in ka ji gidanta ya faɗi ka yi shiru, da shi ne abin kunya. Abin da ya same su kuma ba ƙarami ba ne. Ranar Juma'a, 8 ga Satumba 2023, bayan ƙarfe 11 na dare, mutane na cikin ɗakunansu ƙasa ta motsa da ƙarfin maki 6.8, a lardin Al Hauz, kimanin kilomita 70 kudu maso yamma da Marrakesh. Kusan mutum 3,000 suka rasu, makarantu fiye da 500 suka lalace. Yawancin gidajen ƙauyukan can da laka da dutse aka gina su, ka ga kuwa mu da muka san yadda katangar ƙasa ke zubewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mutanen nan Malikawa ne kamarmu, ruwayar Warshu suke karantawa kamarmu, yaransu a allo suke rubuta karatu su wanke kamar namu. Don haka kada ka bari a sa ka nadamar tausayinka.

Amma zan faro maka da wurin da ka ajiye a ƙarshen wasiƙa, domin a nan ciwon yake. Dubu saba'in ɗin nan ita ce ta ɗaure maka baki. Na tabbata da kuɗin na nan cif, tun ranar da matarka ta shigo da kuka da ka je banki ka karɓo takardar bayanin asusu ka kai wa liman. Ba ka je ba, saboda mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kai malami ne, ka fi ni sanin babin ajiya: wanda aka ba amana ya taɓa ta ba da iznin masu ita ba, ta hau wuyansa, ko ƙanen ya biya ko bai biya ba. Na san halin da manoman rani ke ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, na kuma san wuyar kallon ƙanenka alkamarsa na ƙishi kuɗi na kwance a wayarka. Ban ce kai ɓarawo ba ne. Sai dai kuɗin kazar tsohuwar nan na cikin abin da ya shiga tankin injin, ita kuwa ba don haka ta rabu da kazarta ba.

Kada ka jira yankan alkama. Yanzu muna tsakiyar hunturu, kafin a yanke a sussuke a kai kasuwa sai wajen Maris ko Afrilu, kuma noma ba ya alƙawari. Cike giɓin nan cikin mako guda daga aljihunka. In akwai tunkiya ko buhun riɗi da ka ajiye, kai Gujungu ko kasuwar Haɗeja ka sayar. In babu, nemi rance wurin wanda ya san ka, da sunanka, ka gaya masa na wata uku ne. Daga ranar bashin ya koma tsakaninka da ƙanenka, ku biyu, ba ruwan jama'a. Shi ma ka zaunar da shi ka faɗa masa abin da ake faɗa a gari saboda taimakon da ka yi masa. Mai yiwuwa bai sani ba, kuma in ya ji ya nemo rabi ko fiye.

Matarka ita za ka fara gaya wa, a daren nan. Ta tsaya a gidan biki ana yanka mijinta, watakila har ta rantse ta kare ka, alhali akwai abin da ba ta sani ba. In ta ji daga bakin matar ƙanenka, wannan sai ya fi mata kukan farko ciwo. Faɗa mata yadda aka yi, da ranar da za ka mayar. Za ta yi fushi, ka bar ta ta yi.

Sai liman. Shi ya ba ka wuri ka tsaya, don haka mutuncinsa na jingine da naka. Bayan ka cike kuɗin, je masa da takardar banki da littafin da ka rubuta sunayen masu bayarwa, in ka rubuta. In ba ka rubuta ba, zauna da saƙonnin shigar kuɗi da ke wayarka ka fitar da su ɗaya bayan ɗaya, na tire kuma ka rubuta jimillarsu da ranar da aka tara. Takardar banki za ta nuna fitar dubu saba'in da dawowarta, saboda haka kada ka tsaya sai ya gani ya tambaya. Riga shi faɗa. Ko za a faɗi wannan a bainar jama'a? Ni a ganina liman da dattawa biyu sun isa, in dai kuɗin ya dawo cikakke. Ba a wajabta maka tona kanka a gaban sahu ba. Amma in wani ya tambaye ka ƙiri-ƙiri ko ka taɓa kuɗin, kada ka yi ƙarya, ka ce na ara na mayar, ga shaidu. Na taɓa riƙe kuɗin gyaran masallacin unguwarmu shekaru da yawa da suka wuce, ko sisi ban taɓa ba, amma don na yi wata shida ban karanta wa kowa lissafi ba sai da aka ce da kuɗin na yi wa ɗakina daɓen siminti. Tun daga nan na daina ganin laifin masu surutu. Mutum ya ba da kuɗinsa, wata huɗu bai ji komai ba, dole ya cike shirun da abin da ya ga dama.

Yanzu maganar Baffa. Kada ka ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da kullum yake wucewa ya ga jikokinsa zaune a ƙasa, iskar hunturu na kwasar musu takardu, ya yi ta zarya ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ba labari, sai ga ɗan ɗan'uwansa ya tashi cikin Juma'a guda ya tara abin da shi bai samu ba tun bayan ambaliyar, kuma za a kai wata ƙasa. Ko ni ne zan ji zafi. Kuma ina zargin akwai wani abin da bai faɗa ba: ba ka shawarce shi ba kafin ka tashi. A wurin dattijo wannan kaɗai ya isa. Hujjarsa ma ba ta banza ba ce. Sadaka ga na jiki lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunci, kuma a mazhabarmu ba a ɗauke zakka a kai nesa sai in na nesan sun fi buƙata. Da a ce kafin a tara kuɗin kuka yi wannan muhawara, wataƙila da na goyi bayansa.

Amma an riga an tara, kuma da suna aka tara. Wanda ya jefa dubu ɗaya a tire hoton yaran cikin tanti ya gani. Kuɗin ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi, ba na kwamiti ba ne, ba na gari ba ne. Na masu bayarwa ne har sai ya isa inda suka nufa. In ka juya shi zuwa makarantar garinku ba da saninsu ba, kuskuren da ka yi da dubu saba'in ka maimaita da dubu ɗari huɗu, ko da niyyar ta fi kyau. Gobe kuma in Baffa da kansa ya tashi neman taimakon gini, ƴan garinku na Legas za su tuna cewa a garin nan ana tara kuɗi don abu ɗaya a yi wani da shi.

Akwai hanyar da ta halatta in kana son ka ba ra'ayinsa haƙƙinsa, wato a mayar wa masu kuɗin zaɓi. A masallacin da aka tara, liman ya karanta lissafi, ya ce za a aika kuɗin rana kaza, duk wanda yake son a mayar da nasa kason ga makarantar gida ko a dawo masa da shi, ya zo cikin mako biyu. Ka rubuta haka a zauren WhatsApp, ka kuma tura matarka ko wata dattijuwa ta sanar da matan da suka bayar, don su ba sa jin sanarwar masallaci. Wanda ya yi shiru, nasa na nan kan niyyarsa ta farko. Na tire da ba a san masu shi ba, shi ma haka. Zato na kaɗan ne za su janye, amma ko da rabi ne suka janye, ka miƙa wa kwamiti a rubuce da fuska a sake.

Ka kuma rage wa kanka nauyin da ka ɗora, don na ga kamar kana jin ginin makarantar can a wuyanka yake. Ka buga lissafi. In dala ta kai naira 1,400, kuɗin nan bai cika dala 300 ba, wato kimanin dirhami 3,000, tunda a farkon 2024 wajen dirhami goma ne dala ɗaya. Gwamnatin Maroko kuwa dirhami 140,000 ta yanka wa kowane gida da ya rushe gaba ɗaya, da dirhami 2,500 duk wata na shekara guda ga iyalan da abin ya shafa, cikin shirin sake gini na dirhami biliyan 120 da ta sanar na shekara biyar. Ka ga gini aikin hukumarsu ne, kuɗinku ko harsashi ba zai haƙa ba. Abin da zai yi shi ne rigunan sanyi da takalma da barguna da littattafan rubutu ga yara goma sha ko ashirin, a wurin da dusar ƙanƙara ke sauka. Wannan ba abin rainawa ba ne, amma sanyin ba zai jira ka ba. Naira ma ba ta jira. Bayan da Babban Banki ya sake ta a watan Yunin 2023 ta zame sosai, abin da kuɗin nan zai saya a watan Satumba ya fi abin da zai saya yau. Wata huɗun da ka yi kana juya tunani, yaran ne suka biya.

Don haka kira abokinka gobe. Kiran bidiyo, ka ga fuskarsa ya ga taka. Ba don ina zarginsa ba, sai don bayan kowace masifa ɓata-gari kan sace lambobin mutane su yi ta karɓar taimako da sunansu, kuma kai amanar mutane za ka aika. Faɗa masa ainihin adadin da dirhami, don kada ya gaya wa ƴan ƙauyensu ana zuwa da abin da ya fi haka. Ba shi haƙurin jinkiri, ba sai ka ba shi labarin rigimar gidanku ba, mai makoki ne. Tambaye shi yara nawa ne suka rage a tantin, don an kwashe wasu ɗaliban yankin, musamman na sakandare, zuwa makarantun kwana a Marrakesh. Ka nemi ya haɗa ka da shugaban makarantar ko ƙungiyar iyayen yara, su faɗi abin da ya fi matsa musu. Zai fi masa sauƙi shi ma in ba shi kaɗai ya karɓa ba, don ƙauyensu ma ba a rasa masu surutu. Su sayi kayan a can, su turo hoton rasiɗi da na rabo.

Hanyar aikawa, fara da bankinka. Je reshen Haɗeja ko Dutse ka ce kana son aika kuɗi waje, ka ji abin da suke buƙata da abin da za su cire. Fitar da kuɗi daga Najeriya ya fi shigo da shi wuya, kuma in cajin zai cinye kaso mai yawa na ɗan abin nan, kada ka bi ta nan. Hanya ta biyu, ka je Wapa a Kano wurin ɗan canji mai lasisi, ka sayi dala da rasiɗi, ka danƙa wa amintaccen matafiyi a gaban shaidu biyu. Masu zuwa Maroko ba sa yankewa: ga ɗalibai masu komawa karatu, waɗanda kai ka fi ni saninsu, ga ƴan'uwa Tijjanawa masu zuwa ziyara Fas. Abokinka ya turo saƙon murya ranar da ta shiga hannunsa. Wanda zan hana ka shi ne mutumin intanet da ba ka taɓa gani ba mai cewa turo naira zan biya dirhami a can. In duk waɗannan sun gagara, gwamnatin Maroko ta buɗe asusu na musamman mai lamba 126 don wannan girgizar ƙasa, sai dai abin da ya shiga can ba zai tafi ƙauyen abokinka kai tsaye ba, don haka sai ka sanar da masu bayarwa kafin ka zaɓe shi. Kowace ka bi, kada ka je kai kaɗai. Ɗauki mutum ɗaya daga dattawan da liman ya zaɓa, ya ga canji, ya sa hannu.

Kafin ranar sanarwa, je gidan Baffa bayan isha'i, lokacin da zaure ya watse. Durƙusa ka gaishe shi ko ya amsa a daƙile. Ka ce: Baffa, na yi kuskure da ban zo wurinka ba tun farko. Kuɗin nan ba ni da ikon juya shi, amma maganarka ta makaranta gaskiya ce, kuma na zo ka sa ni aiki. Ka ga, abin da ka gano a wata huɗun nan shi ne bakinka na tara kuɗi, kuma ƴan garinku na birni na amsa kiranka. Kwamitinsa ba shi da wannan. Ku buɗe gidauniya ta biyu da sunan makarantar garinku, a bayyane, shi ne shugaba, kai mai kira, wani daban ma'aji. Wannan karon kada lambar asusunka ta fito. A buɗe asusu da sunan kwamiti, mai sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa manna lissafi a ƙofar masallaci duk wata. Ku sa ta ta dace da yankan alkama, lokacin da wanda ba shi da kuɗi zai iya ba da kwano biyu ko uku a tara a sayar.

Sai dai ku tuna makarantar ta gwamnati ce. Kafin ku ɗora bulo ɗaya ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da kwafi zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Dutse, da hotunan ajujuwan da adadin yaran, hedimasta da dagaci su sa hannu. Gina ajujuwan firamare haƙƙinsu ne, kuma takardar da ke cewa gari ya tara kaza, ya shirya yashi da ruwa da ƴan gayya, ta fi takardar kuka zalla saurin motsa ofis. A ba kansilanku kwafi, da ɗan majalisar jiha. Kafin su amsa, rumfar kwano mai ƙafafun ƙarfe da zana a gefen da iska ke bugowa, da tabarmi, ba ta fi ƙarfinku ba, kuma za ta fitar da yaran daga gindin bishiya kafin damina. In kun zo gini na sosai, ku nemi wanda ya san aiki ya ɗaga harsashi sama da inda ruwan 2022 ya tsaya, alamarsa na nan a jikin katangun da suka tsira.

Mai yiwuwa Baffa ya ƙi sauka a zuwan farko. Kada ka ja, kada kuma ka fasa aika kuɗin don jiran yardarsa. Gaishe shi kullum kamar yadda ka saba, ka bar liman ya yi masa magana irin ta sa'o'i. Ranar da hotunan rabon kaya suka iso, kai masa ya gani kafin ka sa a WhatsApp. Daga gidansa ka wuce gidan tsohuwar nan mai kaza, ka zauna ka nuna mata a wayarka, ka faɗa mata wace riga ce kuɗinta ya saya. In ka aika kuɗin ka rubuto mini, ina son in ji yadda kuka ƙare da Baffa.